Mai Harara a Shagon Firam

Ranar Talata, Lesta na yayyafinta na kullum,
Misis Kuramochi ta turo ƙofar shagonmu da kafaɗa,
kwali biyu a ƙirji, kamar mai rungume da jinjiri.
Ta buɗe a kan teburina. Ga shi nan:

mutum ya ware ƙafafu, ya shanya yatsu biyar,
ido ɗaya ya karkato wajen hanci,
jan zane ya tsaga farar fuska daga goshi har haɓa,
takobi rabi a kube, rabi a waje.
Bakinsa a gimtse, amma na ji tsawar.

"Ɗan wasan kabuki ne," in ji ta.
"Nan yake sandarewa, a buga katako,
'yan kallo su kwaɗa kiran sunan gidansu.
Kakan babana ya saye shi kuɗin kwanon taliya."

Shekara ɗari da hamsin bai kai saran ba,
bai kuma mai da takobin ba.

Na sa safar hannu, na juya bayan takardar:
ga sawun guga, zagaye bisa zagaye,
ga jijiyar itace kwance cikin shuɗin sama.
Nan na tsaya.
Ubana masassaƙin akushi ne a Gumel,
don haka na san wanda ya duƙa kan katakon nan da wuƙa
yana fid da gashi sili-sili, a juye,
hagu ta koma dama,
wuƙa ta goce, aikin kwana uku ya bi ruwa.
Na nemi sunansa a kusurwa. Ta karanto mini:
na mai zane, na ɗan wasa, hatimin mai sayarwa.
Iyakarsa ke nan.

Akwai ta biyu a ƙasa, mace da laima,
wuya kamar na barewa.
"Namiji ne," ta ce, tana dariya.
Sai na tuna Tanimu a tashe,
da zanen yayarsa da kwalli raɗau,
yana rangwaɗa har tsofaffi suka manta ɗan wane ne.

Ta zaɓi baƙin itace da gilashi mai tare rana,
don ja ba ya jure haske, shi ke fara gudu.

Ƙarfe shida na kulle shago,
na bar shi ƙarƙashin farar takarda yana hararar duhu.
A tashar bas na hango kaina a gilashi,
na shanya yatsu, na karkato ido ɗaya.
Ba wanda ya kira sunan gidanmu.
Bas ta zo.