Hawan Talau

Ma'aikaciyar jinya a Neiafu
ta ɗora ni kan ma'auni kamar buhun kwakwa.
Kibiyar ta yi rawa, ta tsaya:
kilo ɗari da sha tara.
"Kalolaine," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba,
"sukarinki ya kai inda na mahaifiyarki ya kai."

Mahaifiyata, da muka binne da ƙafa ɗaya.
Ɗayar ta riga ta tafiya da shekara uku.
Takalmin hagun na nan ƙarƙashin gado,
sabo fil, an rasa mai zuciyar jefarwa.

A tsibirinmu ƙiba ado ce.
Ran aurena surukata ta matsa damtsena,
ta ce, "Wannan ba za ta ba mu kunya ba."
Amma 'yata Sesilia tana can Auckland,
hotunanta na zuwa ta waya,
kullum tana ƙara komawa tsinke,
ta ci ganye uku ta ce ta ƙoshi.
Madubi biyu, ya Ubangiji, kowanne maƙaryaci:
wannan ya ce ƙara, wancan ya ce rage,
ni a tsakiya, da cokali a hannu.

Ran Lahadi bayan sujada
aka buɗe ramin gasa nama, tururi ya tashi:
gwaza, naman gwangwani a ganye da madarar kwakwa,
ɗan alade ya yi jawur, fata na ƙyalli.
Fasto ya ja addu'a, ya ja,
ni kuwa ido ɗaya a buɗe, yana kan fatar.
Baki na cewa amin,
zuciya ta riga ta yanki kasonta.

Ba abincin ne zunubin ba.
Kai da ka gasa kifi a bakin ruwa
ka kira abokanka su karya kumallo,
ai ba ka ƙin ƙamshin wuta.
Amma na san abin da ke tashe ni da tsakar dare
in tsaya gaban firji, fitila a kashe.
Ba yunwa ba ce. Kewar Maikolo ce,
wanda jirginsa ya fita kamun kifi bai dawo ba.
Shekara shida ina cusa burodi da bota
a ramin da ba yunwa ce ta haƙa ba.

Na ce bari in yi azumi in hori jikin nan.
Kwana biyu, jiri ya kayar da ni wajen wanki.
Ina kwance kan siminti, kumfa a kunne,
sai na ji kamar ana tambayata:
wa ya aike ki dukan gidan da nake ciki?

Cinyoyin nan sun raini 'ya'ya huɗu.
Ƙirjin nan ke ɗauke da babbar murya
cikin mawaƙan ikilisiya.
Ba kango ba ne.
Ɗakin sujada ne da rufinsa ke yoyo,
mai gyaran rufi kuwa ba ya zagin bango.

Yanzu da asuba, kafin ƙararrawa,
ni da Losaline muna hawan Talau.
Ita tana ƙirga taku, ni ina ƙirga alheri.
Sau biyar muke hutawa; da can sau tara ne.
Sannu ba ta hana zuwa.
Na sayi ƙaramin faranti mai shuɗin baki.
Ran Lahadi nakan ɗauki fatar, yanki ɗaya,
in ci a zaune, a gaban kowa, da godiya.

Wata huɗu, kilo shida.
Makon jiya ɗaya ya dawo,
bikin jikan Losaline ne.
Ban yi kuka ba.

Jiya Sesilia ta kira.
Ban ce ta rame ba, ban ce ta ci ba.
Na juya wayar na nuna mata ƙafafuna,
duka biyun, da ƙasar tudu a kansu.
Na ce, "Wanda ya ƙirga gashin kanmu
bai taɓa zuwa da igiya ya auna ƙugunmu ba."
Ta yi shiru.
Can sai na ji ƙarar cokali a kwano.
Ban tambaya ba.