Ragowar Lissafi

Jikana Muntaka ya dawo daga jami'a
da takarda mai zane kamar bakan maharbi.
Ya ce, Kaka, wannan lanƙwasar
ita ce tazarar tukunyar kokonki
da gidajen Nhyiaeso masu katanga.

Sai ya hau kasa ta
kamar mahauci a kan tsire:
talatin, rashin boko;
ashirin, don kin zo duniya mace;
sha biyar, don Aboabo ce unguwarki,
inda ruwan sama ke shiga ɗaki ba sallama.
Goma, jarin da banki ya hana.

Na ƙirga da yatsun da wuta ta sha.
Saura ashirin da biyar, yaro.
Ya sosa ƙeya. Wannan, in ji malamanmu,
ba a gano shi ba tukuna.

Na yi dariya har ludayi ya faɗi.
Ni na san shi.
Shi ke tashe ni ƙarfe uku na dare.
Shi ya ci filin mahaifina a Tafo
da sa hannu ɗaya.

Sha kokonka kafin ya huce.
Sidi biyu ne. Kai ma biya.