Ƙirgar Dalma

Na ɗebo shi da asuba a rijiyar Inna Zilai,
can Muciya, bayan rumfar masu fasa batir.
Garau yake a kwalba kamar ba ya da laifi,
ido bai ga komai ba, harshe bai ji ba,
ruwa dai, sai ka ce kowane ruwa.

A Samaru, ɗakin gwaji, bayan azahar,
Malam Hudu ya goge bakin tsinken gawayi
har ya ɗauki ido, ya shafa masa zaiba.
Tsinke uku muka tsoma a ɗan kofi,
ƙaramin maburgi a ƙasa yana juyawa.

Ya ce, abin da ya yi kaɗan ba ya ƙirguwa a warwatse,
kira shi tukuna, ya taru wuri ɗaya.
Na tuna muna yara, ni da Jafaru,
da mayen ƙarfen tsohuwar rediyo ɗaure da zare,
muna jan sa cikin yashin bakin Kubanni
har baƙin gari ya yi masa gemu.
Haka lantarki yake yi, in ji shi,
minti biyu yana lallashi, dalma na zuwa tana maƙalewa.

Sai muka kashe maburgi.
Shiru.
Daƙiƙa goma sha biyar babu mai motsawa.

Daga nan aka juya akalar wuta,
wadda ta gayyato ita ce ta kora.
Tutiya ta fara fita, tagulla ce ta ƙarshe,
kowa da ƙofarsa, kowa da lokacinsa.
A tsakaninsu layin allo ya miƙe tsaye,
ya yi tsini kamar Kufena daga nesa,
tsayinsa shi ne yawan da take ɓoyewa.

Na ce a sake. Muka sake.
Muka ɗiga sananniyar dalma don awo,
tsinin ya ƙaru daidai inda yake,
lissafi ya fito, ya ƙi sauka,
Malam Hudu ya cire tabarau yana gogewa.

Yanzu ina cikin motar Sabon Gari,
takarda a jaka, kwalba a cinyata.
Inna za ta ce, tun kakanki muke sha.
Da shi aka yi mini wankan jego na fari,
da shi take dama wa ɗana koko.
Na san sunan abin, na san nauyinsa,
ban san da wane baki zan fara gaya mata ba
tana tsaye da guga, igiya na ɗigar da ruwa.