Dare na Tara a Rikkos

Ba wanda ya gaya mini
cewa shan nono ma koyonsa ake yi.
Na ɗauka da ya faɗo bakinsa ya san hanya,
kamar ɗan akuya da ke miƙewa jiƙe-jiƙe
ya nufi hantsar uwarsa bai tambayi kowa ba.

Nawa ya zo ranar Laraba,
ƙanƙara na dukan kwanon asibiti.
Aka ɗora mini shi. Ya laluba, ya kama, ya saki.
Ya sake kamawa, na ciji bakin zanena.

Kwana uku, ƙirjina ya koma duwatsun Shere,
ruwa a ciki, ƙofa a rufe.
Kan ya tsage kamar faso a diddige.
In ya motsa a cikin shawul
sai gabana ya faɗi,
ni da na yi wata tara ina ɗokin ganinsa.
Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Gwaggo Tasalla ta ce a tatsa a ƙoƙo,
a jefa tururuwa,
in ta mutu nonon ne mugu.
Wata ta ce kunun kanwar ne bai ji kanwa ba.
Wata ta ce yaran yanzu ba sa son wahala,
ta faɗa tana kallon silin.
Nafi'u ya dawo daga Farin Gada
da gwangwanin madara, ribar buhun kabeji biyu,
ya ajiye kan kabad, bai ce komai ba.
Duk dare ni da gwangwanin muna kallon juna.

Ranar suna aka ce Huzaifa.
Na sha lalle, na yi murmushi a hoto,
rigar leshi na gogar ciwon.

Dare na tara, wajen ƙarfe biyu,
sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
shi yana tsala ihu, ni ina taya shi a hankali.
Sai ƙwanƙwasa.
Mama Kaneng ce ta bayan katanga,
da hular ulu da tocila,
shekara talatin ta yi a ɗakin haihuwa kafin ta huta.
Ta ce, kukan biyu nake ji, na babbar na zo wa.

Ta sa tawul a ruwan ɗumi,
ta matsa da yatsunta masu sanyi har dutsen ya yi laushi.
Ta tura filo bayana.
Saki kafaɗa, 'yata, ba dambe za ki yi ba.
Cikinsa a cikinki.
Shafa masa a hanci, ki jira,
jira,
sai ya wangale baki kamar mai hamma.
Yanzu! Kawo shi, kar ki bi shi.
Ba kan kaɗai ba, har baƙin ya cika masa baki.

Ɗakin ya yi tsit.
Na ji wata 'yar ƙara da ban taɓa ji ba,
ƙut, ƙut, ƙut,
kunnensa na motsi.
Yana haɗiya.
Mama Kaneng ta kashe tocila,
ta zauna bakin gado har aka kira assalatu.

Ciwon bai tafi a daren ba.
Ya ƙara mako biyu yana ja da baya,
akwai ma ranar da na sake kuka a banɗaki.
Amma a awon wata
nas ta dubi sikeli, ta dube ni, ta ce, me kike ba shi?

Gwangwanin mun kai wa Asabe mai tagwaye,
nata bai isa biyu ba,
ba kuwa laifinta ba ne.

Yanzu in ya ƙoshi da kansa yake saki,
ɗigo fari a gefen baki,
hannunsa riƙe da maɓallin rigata.
Ƙafata ta yi sanyi, bargo na can nesa.
Ba zan motsa ba.