Allurar Ermelinda

Shekarar da babban yaƙi ya lafa na samu aiki
a bayan birnin Milano, kusa da gonakin shinkafa.
Allura aka ba ni, tsawonta kamu guda,
da farin lilin, da zaren da ya sha kaki.
Haƙarƙarin fiffike katako ne a lokacin,
ni kuma ina ɗinka masa riga
kamar wadda nake wa ɗana Fiorenzo.

Warin fenti kan hau mana kai kafin tsakar rana,
sai a raba mana madara, kofi ɗai-ɗai.
In ka ƙyasta yatsa a jikin fiffike ya yi ƙarar kalangu,
to ɗinki ya yi.

Fiffike biyu ne, sama da ƙasa, waya ta ɗaure su.
Matuƙi na zaune a fili, iska na marinsa.
Wa zai ji tsoron abin da mace ta ɗinka?

Sai Ottavio, injiniya mai tabon tawada a aljihu,
ya shigo da sabon zane.
Fiffike ɗaya, ya ce. Jiki na ƙarfe.
Inji uku, ƙafafu masu naɗewa kamar na shamuwa.
Aka tura mu kusurwa, muna ɗinkin jela kawai.
Fiorenzo ya girma, ya ɗauki guduma,
ƙusa dubu yake bugawa kafin ya ci abinci,
kunnensa na hagu ya mutu yana ɗan ashirin.

Ran nan na leƙa ƙarƙashin ɗaya,
na ga ƙofa biyu a cikinsa, suna buɗewa ƙasa.
Na ce, wace irin ƙofa ce babu matakala?
Ottavio ya goge tabarau, bai amsa ba.

Jarida ta ce sun tafi Habasha.
An sa hoton hayaƙi, an ɗauko shi daga sama,
daga can mutum bai kai ƙwayar gero ba.
Maƙwabta suka yi tafi.
Ni dai na tuna akwai ɗinkina a jelar,
tazarar yatsa uku tsakanin ƙulli da ƙulli.

Yanzu da dare nakan fito tsakar gida,
allurar na soke a ƙirjin rigata.
Sama ba ta da ƙyaure.
Can ƙetaren duwatsu, na san akwai wata mace,
tana shafa wa zarenta kaki.