Ba a Nan Ake Sayarwa Ba

Wata bakwai ina tara canji a gwangwanin madara,
kuɗin cajin waya, hamsin-hamsin, ɗari in kasuwa ta ci,
a rumfata ta bakin hanyar Gujungu,
inda farantan sola biyu ke shan rana a madadina.

Kwamfutar ta hannu ce, Tasi'u ya taho min da ita daga Kano.
Harafi ɗaya ya ɓalle, na liƙe shi da ƙaro.
Fankarta na gurnani kamar injin markaɗen Iya Tabawa,
amma tana ɗaukar wasa.
Da dare in na rufe rumfa,
ni ke tuƙa tirela a garuruwan da bakina bai iya sunansu ba.

Shagon da nake sayayya ba shi da ƙyaure, ba shi da kwado,
cikin allo yake. Shekara huɗu muna tare.
Wasannina goma sha ɗaya na jere a kantarsa,
abokan karawata duk suna can.
Ya san ni yadda mai shayi ya san sukarina.

Ran da kuɗi suka cika na kai wa mai fiyo'es ya zuba min,
na hau tudun bayan firamare,
nan ne kaɗai sabis ke tsayawa da ƙafa biyu.
Na rubuta sunan wasan da na yi wa tanadi.
Allo ya ce babu.

Ba ƙarewa ya yi ba.
Abin da ba a auna shi da mudu, ina zai ƙare?
Wani shago ne ya bi masu shi har gida da jakar kuɗi,
ya ce: shekara guda, kada kowa ya kasa shi sai ni.

Na je can ɗin.
Sabon suna, sabuwar kalmar sirri,
manhajarsu ta lashe min data tun ban ga kaya ba.
Farashi ɗaya tak, ba maƙwabcin da zan leƙa in taya,
ba fuskar da na sani.
Katina ma ya ƙi shiga, sau uku.
Na sauko da magariba, ƙaya a silifa.

Baba na tsakar gida yana ɗinke bakin buhun riɗi.
Na faɗa masa, ina jiran ya ce aikin banza.
Bai ɗago ba. Ya ja basilla, ya ce,
"Ai na san mutumin.
A nan sunansa Ɗan'iya.
Ya ba ni taki da damina, ya yanka min farashi tun riɗi bai yi fure ba.
Ran Lahadi a Gujungu buhu ya ɗara nasa nesa,
ni kuwa ko tiya ba ni da ikon kaiwa."

Na ce, to me ya sa ka karɓa?
Ya ciji zare, ya tofar.
"Da ban karɓa ba, me zan ɗinke yanzu?
Masu wasan naka ma wataƙila ciki gare su."

Na yi shiru. Gaskiyarsa ta tsaya min a wuya.
Ban ga laifin mai yunwa ba,
amma ni da ban ci takin kowa ba,
don me igiyar ta biyo har ƙafata?

Sun ce zaɓi na hannuna: in saya, ko in bari.
Haka ne.
Akuyar da ke ɗaure ma tana da zaɓi,
gabas da turke ko yamma da shi.

Na ɗauki gawayi na rubuta wata da rana a bangon rumfa.
Shekara ba ta kashe mai jira.
In batir bai riga ni gajiya ba, za mu gamu a tsohon shagona.

Da safe motar Ɗan'iya ta zo.
Na kama wa Baba muka ɗora buhu tara.
Ta tashi, ta bi ta gaban rumfata,
ta miƙe hanyar Gujungu.