Kalma Ɗaya a Kayen Barira

Barira ta dawo daga lakwal da kalma ɗaya ta Ingilishi,
harafi shida, mushe ya ja mata layi da jan biro.
Ya ce ma'anarta "ya fi".
Ta ce, Baba, ba ni misali.

Ina tsugune gaban babur ɗin Ɗan Lami,
hannuna baƙi ƙirin da mai.
Na ce, wannan fulogi ya fi wancan,
ta Ɗan Isa ya ƙetaro, jika da rabi, ba ragi.
Zogalen Jiratawa ya fi na bayan gidanmu,
ko da uwarki za ta musa.
Ta rubuta.

Ta ce, wai da ita ake ba da shawara.
Na ce, to, wannan "gara" ce.
Gara ki tashi da asuba da ki sha bulala.
Gara mu bi ta Zariya, hanyar kasuwa ta cushe.
Amma ki lura da gara, 'yata,
ba ta zuwa sai abu biyu sun tsare ƙofa
kuma babu mai daɗi a cikinsu.

Ta juya shafi.
Wai har majinyaci da ita yake amsa gaisuwa.

Na ajiye sifana.

Kwana goma sha tara Lawali ya yi a likita,
ƙanena, wanda ya koya mini ɗaure birki.
Duk wanda ya ɗaga labule ya ce ya jiki,
sai ya ce da sauƙi.
Ranar da ya kasa haɗiye kunu, da sauƙi.
Daren ƙarshe leɓensa kawai ya motsa,
ni na faɗa a madadinsa.
Da muka dawo daga maƙabarta
Inna ta dubi tabarmar da ya bari,
ta ce, gwamma haka, ya huta.
Ban taɓa jin kalma mai nauyin wannan ba.

Barira tana tauna murfin biro.
Baba, layi ɗaya mushe ya bari,
wanne zan sa?

Ɗan Lami ya buga babur, ya tashi tashi ɗaya,
ya karkata kunne ga ƙarar injin,
ya ce, yanzu da dama-dama.

Na ce mata, sa na fulogin.
Sauran za su same ki
ba sai da kaye ba.